Gurbi huɗu, 'ya'ya tara

Baffana tsohon soja ne, da muƙamin staf sajan ya yi ritaya, yana cikin waɗanda aka tura Laberiya ƙarƙashin ECOMOG a farkon shekarun 1990. Yanzu yana zaune a Durumi, bayan Area 1, da mata biyu da 'ya'ya tara. Tun da idonsa ya raunana, duk wata takarda ni yake miƙa wa, daga ta fansho da ake kaiwa Dutsen Alhaji har ta inshorar lafiya.

Inshorar sojoji da waɗanda suka yi ritaya tana hannun kamfanin DHML, a ƙarƙashin tsarin NHIS da aka ƙaddamar a 2005, wanda ya koma NHIA bayan dokar 2022. Ƙa'idar tsarin ba ta da tsawo: mai katin, da matar aure ɗaya, da 'ya'yan cikinsa huɗu waɗanda ba su cika shekara 18 ba. Wanda ya rubuta ta bai yi lissafi da gida irin namu ba, amma dai haka take, kuma a rubuce take a jikin fam ɗin da na cike. Ban karanta ba. Na saba tun muna yara a bariki, ka ambaci sunan mahaifinka da lambarsa a duba ka, sai na ɗauka har gobe haka abin yake.

Da na ga layi huɗu, sai na bi tsarin haihuwa kamar mai rabon naman Sallah, daga babba zuwa ƙasa. Biyu daga cikinsu a lokacin suna gab da gama sakandare, ƙarti ne da ko ciwon kai ba sa yi. Ƙananan da zazzaɓi ke kayarwa duk damina na bar su a waje. Baffa ya tambaye ni, "Ɗana, kowa ya shiga?" Na ce, "Kowa da kowa, Baffa." Wannan amsar ta fi cike fam ɗin muni, domin a kanta ya daina ajiye ɗan abin da yake warewa na magani.

Wani dare cikin watan Agusta jikin auta ya yi zafi har tana sambatu. Muka kai ta asibitin da gidan ke rajista. Ma'aikaciyar ta bi jerin sunaye da yatsa, ta sake bi daga sama, babu sunanta. Manyan nan biyu ma sun wuce 18, gurabensu sun zama fanko ba wanda ya sani. Ba ta yi mana wulaƙanci ba, an karɓi yarinyar, sai dai gado da ƙarin ruwa da allurai duk daga aljihu. Mahaifiyarta ta cire 'yan kunnenta ta ba ni in kai kasuwa da safe. Baffa bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Da ka ce min ba ka sani ba, da na tambayi wani."

Daga baya na kai takardun haihuwa da hotuna aka sa auta da yayanta a guraben biyu. Na rubuta shekarar da kowane yaro zai cika 18 a bangon littafin fanshon, don kada gurbi ya sake zama a banza. Amarya kuwa har yanzu tana waje, tunda gurbin mata ɗaya ne kuma sunan uwargida ke ciki. Duk wata idan fansho ya shigo, Baffa kan ware mata kuɗin magani, ni kuma ina ƙara nawa a kai.