Kafin a Cire wa Ɗan Haya Kwano

Mu huɗu muka gaji gidan haya mai ɗaki takwas a Kano, kuma tun daga lokacin muka san ma'anar zo mu zauna, zo mu saɓa.

Ɗan haya mai wahalarwa iri biyu ne. Akwai wanda ba shi da shi, akwai wanda yake da shi amma ba zai bayar ba. Na farko yakan zo da ƙafarsa kafin wa'adi ya cika, ya faɗi halin da yake ciki. Sai mu kasa masa kuɗin shekara gida huɗu, a rubuta, kowa ya sa hannu a gaban mai unguwa. Na biyu kuwa ba ya ɗaga waya, ya bar wa maƙwabta kuɗin wuta, in an yi magana ya ce a haɗu a kotu.

A kan irinsa ake ba mu shawara mu cire kwano ko mu garƙame ƙofa da kwaɗo. Ba ma yi. Doka ta hana mai gida fitar da mutum da ƙarfi, mai bin bashi sai ya koma mai biyan diyya. In yarjejeniya ba ta ambaci wa'adi ba, mai hayar shekara ana ba shi notis na wata 6, mai hayar wata kuma na wata 1. Daga nan takardar kwana 7, sannan kotu.

Hanyar tana da tsawo, kuɗinmu kuma na maƙale. Amma a ɗakin nan akwai mace da yara waɗanda ba su ci bashin kowa ba, ruwan Agusta kuwa ba ya tambayar wa ya ƙi biya.