Mako Guda da Jinin Tunkiya

Litinin

Baba mai kula da dabbobi ya kawo jinin da hantsi. “Malama, ga shi, kada a jijjiga,” in ji shi. Tunkiyar ta yi watanni ana yi mata allurar dafin kububuwa kaɗan-kaɗan, har jikinta ya ƙera antibodi masu kama dafin. Su nake son cirowa. Na bar jinin ya daskare a kan tebur, sannan ya kwana a firiji don gudan ya tsuke ya saki ruwansa.

Talata

Na juya shi a injin sentirifuj, ruwan jinin ya taso sama, rawaya-rawaya. Na tace da matacin maikron 0.45, domin kitse da ɓurɓushi su ne ke toshe bututu, na kuma sirka shi da ruwan fosfet mai pH 7.

Ɗalibar da ke taya ni ta ɗauko kwalbar Furotin A, na ce ta mayar. Furotin A, wanda asalinsa daga ƙwayar Staphylococcus aureus ne, yana riƙe antibodi nau'in IgG na zomo da na mutum gam, amma riƙon da yake yi wa na tunkiya da akuya sako-sako ne. Furotin G, na dangin Streptococcus, shi ne na wannan aiki. Wanda ake sayarwa an cire masa sashen da ke kama albumin, in ba haka ba da ya kwaso mana abin da muke gudu.

Rezin ɗin da Furotin G ke liƙe a jikinsa ƙananan ƙwayoyin agaros ne, farare, suna kwanciya a ƙasan kwalba kamar gasara. Mun zuba a bututu a hankali, ido a kan kumfa, don inda iska ta maƙale ruwa kewaye wurin yake yi.

Laraba

Yau ce ranar aikin. Mun ɗora ruwan jinin yana sauka ɗigo-ɗigo, ba gaggawa, saboda antibodi na bukatar lokaci kafin jelarsa ta kama furotin ɗin da ke jikin rezin. Albumin da sauran tarkace suka wuce abinsu. Muka yi ta wanki har na'urar da ke auna haske a nanomita 280 ta koma kusan sifili.

Daga nan sai sakin. Ana zuba glaisin mai tsami, pH 2.7, riƙon ya warware, antibodi ya zubo. Matsalar ita ce tsamin da ya sake shi yana iya lalata shi in ya daɗe a ciki, ya sa ya dunƙule ya daina aiki. Shi ya sa tun kafin ɗigon farko na zuba Tris mai pH 9 a gindin kowace 'yar kwalba. Ɗalibar na karɓa, ni ina girgizawa ina taɓa takardar gwaji. Ban yarda a amsa waya ko a buɗe wa kowa ƙofa a wannan lokaci ba. Ruwan da ya fito garau yake, ido ba ya bambanta shi da na famfo, sai da na'ura ta nuna awon ya hau ya sauko a 'yan kwalabe na tsakiya hankalina ya kwanta.

Alhamis

Mun haɗe kwalaben masu ƙarfi, muka ɗaure a ledar dayalisis cikin ruwan gishiri mai sanyi. Wuta ta ɗauke da rana, janareta ya karɓa.

Juma'a

Lissafi da safe: awon 1.4 daidai yake da miligiram 1 na IgG a mililita. Bayan an sauko daga masallaci muka cire jel ɗin da muka rarrabe furotin a kansa daga shuɗin rini. A layin ɗanyen ruwan jini, albumin ya yi kauri a wajen kilodalton 66. A namu layin, zane biyu ne kawai, ɗaya a 50, ɗaya a 25, wato manyan sarƙoƙi da ƙanana na IgG. Ɗalibar ta daɗe tana ɗaga jel ɗin a haske, na ƙyale ta.

Asabar

Tsabtar jiya ba ta nufin an gama. Furotin G ba ya tambayar antibodi wa yake yaƙa. Ya kama na dafi, ya kama na duk wata cuta da tunkiyar ta taɓa gamuwa da ita a kiwo. Masu amfanin a cikinsu kashi ne kawai.

Ga kuma tsadar rezin. Maganin EchiTAb da aka san shi a asibitin Kaltungo, inda ake kai manoma da makiyayan da jininsu ya ƙi daskarewa bayan sara, iri biyu ne: ɗaya daga tumaki aka yi shi a Wales, ɗayan daga dawakai a Kosta Rika. A Kosta Rika da sinadarin kafirilik asid suke kwantar da sauran furotin su bar IgG a ruwa, hanya mai sauƙin kuɗi. Ina ganin daidai suka yi, don maganin da talaka ba zai iya samu ba bai warkar da shi ba. Rezin wurinsa ɗakin bincike, inda muke son sanin wane antibodi ne ke kashe kaifin wane ɓangare na dafin.

Na wanke bututun, na cika shi da etanol kashi 20, na sa a firiji nesa da wurin ƙanƙara, domin daskarewa na farfasa ƙwayoyin. Ranar Litinin za mu liƙa dafin kansa a jikin sabon rezin, mu sake bi da IgG ɗin ta kansa.