Shinge a Gindin Zogale

A unguwarmu ta Bagadaza, da zarar ruwan farko mai ƙarfi ya sauka sai shinge su fito. Da magariba su yanyame ƙwan lantarki, da asuba a tarar da su zube a tsakar gida, fuka-fukai sun manne a siminti. Kaji su ci rabonsu, sauran a share a kai bola. To, wannan sauran nake roƙon maƙwabta su riƙa bar mini.

Ƙasar bayan gidana jigawa ce, irin ta Gombe da ruwa ke zaizayewa har ya bar kwari. Ba ta riƙe taki, buhun yuriya kuwa ya fi ƙarfin mai ɗan lambu. Alhali naitirojin ɗin da muke saye da tsada yana nan a jikin ƙwaro. A gabashin Amurka akwai ƙwaron da ake kira sikada, wanda kan yi shekara 13 ko 17 a ƙarƙashin ƙasa. Idan ya fito, kamar a 2021 da 2024, gawarsa kan taru a gindin bishiyoyi, masu lambu su kwasa su zuba a ramin taki. A Kenya ma, lokacin annobar farin dango a 2021, an sayi fara a hannun manoma aka niƙa ta zama taki da abincin dabbobi.

Abin da aikin ya koya mini shi ne binnewa. In ka watsa a fili, wari zai tashi, tururuwa su yi layi su kwashe kafin hantsi. Nakan tona rami mai zurfin tafin hannu, ɗan nesa da gindin zogale ko kuɓewa, in cakuɗa shingen da busasshen ganyen darbejiya, in rufe, in yayyafa ruwa. Bayan 'yan makonni jikin ya narke, ƙasar ta yi baƙi ta yi laushi, sai fuka-fukan kawai ke ƙyalli a ciki, don su ba sa saurin ruɓewa.

Ƙwaron da aka kashe da fiya-fiya kam ba ya shiga lambuna. Ganyen zogalen nan a miyar 'ya'yana zai ƙare.

Shinge 'yan darare ne a shekara, ba za su maye gurbin kashin shanu ba. Shi ya sa da kaka nake bin mai suyar fara ta layinmu, ta tara mini ƙafafu da fuka-fukan da ta fige.