Baƙin Allo Ba Dodo Ba Ne

Mai karatu, in kana cikin masu tara fostocin finafinai ko masu ƙare wa bangon littafi kallo kafin su saya, na san ka sha ganin wannan matsalar. A ɗauki hoton jaruma a lokeshin da rana tsaka: in fuskarta ta fito raɗau, sai sararin sama ya koma fari fat kamar an shimfiɗa alawayyo. In kuma aka bi ta kan hasken sama, sai fuskar ta dushe, ba ka ganin komai sai haƙora. Ba laifin mai hoton ba ne. Kamara ba ta iya haɗa haske mai tsanani da inuwa a lokaci guda yadda idon mutum ke yi, ga shi ranarmu ba ta wasa.

Maganin da na fi gamsuwa da shi wata 'yar manhaja ce ta kyauta mai suna Enfuse. Za ka ɗauki hoto uku a wuri ɗaya, ɗaya mai duhu, ɗaya matsakaici, ɗaya mai haske, ita kuma ta tsinto inda ya fi kyau a kowanne ta narkar da su su zama guda. An gina ta ne kan dabarar da Tom Mertens da abokan bincikensa biyu suka wallafa a 2007. Tana da yaya mai suna Enblend, wadda Andrew Mihal ya fitar a 2004, aikinta ɓatar da layin haɗi idan an jera hotuna gefe da gefe don a samu dogon hoto guda.

To, inda abokaina ke ja da baya shi ne wajen girka ta. Da zarar na ce ba hoton da za a latsa, umarni ake rubutawa a baƙin allo, sai ka ji an ce, "Kai malam, wannan ai aikin masu kutse ne." Wallahi cike fom ɗin banki ya fi shi wuya.

A kwamfutar da ke aiki da Ubuntu, irin tawa, akwai wani ɗan aike da ake kira apt. Ɗauke shi kamar dillalin da ya san kowace rumfa a kasuwa: kai dai ka faɗi sunan kaya, shi zai je rumbun ajiya ta intanet ya ɗauko, ya duba hatimin da ke kansa don tabbatar da ba jabu ba ne, ya haɗo da duk ƙananan kayan da manhajar ke buƙata kafin ta tashi. Danna Ctrl da Alt da T tare, allon zai buɗe, sai ka rubuta:

sudo apt update

Wannan sabunta jerin kayan rumbun kawai yake yi. Zai nemi kalmar sirrinka, kuma kana bugawa ba za ka ga komai ba, ko ɗigo. Nan ne mutane da yawa ke zaton allon ya sanƙare. Haka aka tsara shi, don kada na bayanka ya ƙirga haruffan. Daga nan sai:

sudo apt install enfuse enblend hugin-tools

Zai nuna maka nauyin abin da zai sauko da shi, ya tambaye ka ko ka yarda. Duba datarka, ka danna Y. Shi ke nan fa.

Na ukun nan na saka shi ne saboda Enfuse ba ta daidaita hotuna. In hannunka ya ɗan motsa tsakanin ɗauka da ɗauka, a cikinsa akwai align_image_stack da zai jera maka su daidai. In kuwa a kan ƙafa uku ka kafa kamarar, layi ɗaya ya wadatar:

enfuse -o fosta.tif 1.jpg 2.jpg 3.jpg

Akwai kuma maganar da nake so mu faɗa wa juna gaskiya a kanta. Shekara da shekaru 'yan fim da marubuta na kukan masu satar fasaha sun durƙusar da sana'a, kuma kukan nasu gaskiya ne. Amma fosta nawa aka tsara da manhajar sata, wadda aka kwaso a faifan sidi ko filashi, ta zo da ƙwayar cuta ta cinye aikin wata guda? Ita wannan masu ita ne da kansu suka ce kowa ya ɗauka, ya yi sana'a da ita, har ya ba wani.

Sai dai kada ka ɗora mata abin da ba nata ba. Ba ta goge ƙuraje, ba ta sauya bango, ba ta rubuta sunan fim. Kuma duk abin da ya motsa a tsakanin hotunan zai fito biyu-biyu kamar fatalwa, don haka ba za ta yi maka amfani a hawan sallah ko fagen rawa ba. In jaruma ce a gabanka, roƙe ta ta tsaya cak na daƙiƙa biyu, ta riƙe gyalen kada iska ta kaɗa shi.