Hasken Da Ido Ba Ya Gani

A yawancin littattafan da muke rubutawa, likita saurayi ne mai farar riga da tsaleliyar mota, aikinsa kawai ya duba jaruma ya ce ta huta. Likitan da na sani daban ne. Shi ne wanda ake tasa tsakar dare idan mota ta kife a titin da ya ratsa Birnin Kudu ya nufi Gwaram.

Wata rana na raka wani ɗalibina asibiti, babur ya karya masa ƙafa. Da za a ɗauki hoton ƙashin aka ce mu fita. Yaron kuwa sai mutsu-mutsu yake saboda zafi, dole likita ya tsaya ya riƙe ƙafar, sanye da riga mai nauyi ta dalma. Yaron sau ɗaya hasken eksire ya ratsa shi. Likitan fa? Gobe wani zai riƙe, jibi wani, shekara da shekaru.

Wannan haske ba a ganinsa, ba a jin zafinsa, amma illarsa taruwa take yi a jiki, tana ƙara haɗarin ciwon daji. Da yayyafi kogi kan cika. Bayan Bajamushe Wilhelm Röntgen ya gano shi a 1895, likitocin farko da hannayensu suke gwada na'urar, har wasu suka rasa yatsu, wasu rayuka. A 1936 aka kafa dutsen tunawa da su a birnin Hamburg.

Yau akwai ƙa'ida. Ma'aikaci kada ya wuce ma'aunin milisibat 20 a shekara, kuma akan maƙala masa ɗan baje a ƙirji mai ƙidaya abin da ya sha. A Nijeriya dokar 1995 ce ta tanadi hukumar da ke sa ido kan haka. Abin da nake koya wa yara a aji shi ne garkuwarsa: rage lokaci, sa dalma, ja da baya, domin in ka ninka nisa ƙarfin hasken ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. To amma mai riƙe da karayar yaro ina zai ja?

Ya ku 'yan'uwa marubuta, ga jarumi nan a ƙofar gidanmu. Wanda zai sa likita a littafinsa, ya daure ya kwana ɗaya a ɗakin gaggawa tukuna.