Noti na shanye girgiza, girgiza na kwance noti

In aka ce wa mutum notin kansa ya kwance, kowa ya san ba yabo ba ne. Amma notin gaskiya, wanda ke riƙe da tebur-banci da ƙarafan rufin ajinmu, ba kasafai muke waiwayarsa ba sai ya ba mu kunya. Ni malamin kimiyya ne, kuma na daɗe ina ganin cewa darasi mafi araha da zan koya wa yara yana ƙarƙashin teburinsu.

Nakan kawo ƙarfe biyu aji. Ɗaya mai walda ya haɗa shi, ɗaya kuma noti ne ya haɗa shi. In na rataye su na buga na walda, sai ya yi ta amo kamar ƙararrawa. Na noti kuwa ƙararsa ba ta jimawa take mutuwa. Yara sukan ce na walda ya fi kyau tunda ya fi ƙara. Sai in tambaye su: girgizar ɗayan ina ta tafi?

Amsar tana cikin mahaɗin. Inda noti ya matse ƙarfe biyu, fuskokinsu suna ɗan gogar juna, motsin da ido ba ya gani. Wannan guga ita ke mai da ƙarfin girgiza ɗan zafi, kamar yadda tafin hannu ke ɗumi in an murza shi. Walda kuwa ta mai da ƙarfe biyu abu guda, girgiza na ratsawa babu mai tare ta. Injiniyoyi sun san haka. Ƙa'idar da Amurka ta fitar a 1973 don tashoshin nukiliya ta ba ginin walda kashi 4 cikin ɗari a ma'aunin kwantar da girgiza lokacin babbar girgizar ƙasa, ta ba na noti kashi 7.

Sai dai gugar da ke taimako ita ce kuma ke ɓarna. A 1969 wani injiniya Bajamushe, Gerhard Junker, ya nuna cewa girgizar da ke tura mahaɗi gefe da gefe ta fi saurin kwance noti a kan wadda ke jan sa a tsaye. Yaro mai jijjiga banci haka yake yi, haka ma iskar da ke gaban hadari a watannin Mayu da Yuni take yi wa rufi. In noti ya saki, gugar ta zama duka, rami ya faɗaɗa, wata rana kwano ya tashi.

Abin da na fi gani a makarantunmu shi ne, da noti ya fara motsi sai a kira mai walda ya liƙe shi. Zafin walda na raunana noti mai ƙarfi, kuma daga ranar ba a iya ƙara ɗaure shi, ba a iya kwance shi a sauya katako.

Roƙona ga kwamitocin iyaye da ƴan uwana malamai ƙarami ne. A sayi sifana biyu da ƴan washa a ajiye wurin shugaban makaranta. Kafin damina a sa wanda ya san aiki ya duba mahaɗan rufi, a farkon shekarar karatu kuma a bi teburan aji ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya saki a ɗaure, wanda ya yi tsatsa a sauya. Ƴaƴanmu ne ke zaune a ƙarƙashin rufin.