Ɓarawon Dare Mai Hannun Mutum

Tun da Allah ya ƙaddara mini yin tsufa a birnin Toronto na ƙasar Kanada, a gidan ɗana, inda na sami ɗan fili a bayan gida na shuka masara da tumatir don kada hannu ya manta fartanya, ban gamu da abin da ya karya mini alfahari ba kamar wata dabba da ake kira rakun. Ta ɗara muzuru girma, jelarta zobe-zobe, idanunta kewaye da baƙi sai ka ce ta rambaɗa kwalli. Amma abin al'ajabi yana ga hannuwanta masu yatsu biyar-biyar, waɗanda ke ɗaga murfi su zare sakata kamar na yaro mai ƙiriniya.

A shekarar farko, ana saura kwana uku in karya masara, na fito bayan sallar asuba na tarar an kwantar da kara, an ɓare goyon, an gatsa nan an gatsa can an yar. Ni da na yi ƙuruciyata ina korar birai daga gona da majajjawa, sai na ɗauka ai wannan ƙaramin alhaki ne. Na kafa mutum-mutumi, na barbaɗa barkono, na kunna fitila, har rediyo na ajiye tsakanin kunyoyi yana ta surutu dare farai. Kowace dabara ta yi kwana biyu ko uku tana aiki, daga nan ta zama abin ba'a, har wani dare na leƙa ta taga na hango gogan zaune daf da rediyon, yana cin masarata cikin natsuwa kamar mai sauraron labarai.

Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ce ta nuna mini kwandon shararmu da kwanon abincin kyanwar jikokina, ta ce su ne masu gayyata. Na ji kunya ƙwarai, domin tun muna yara muka san in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Hukumar birnin kanta ta ɗanɗana wannan azaba, don kuwa a 2016 ta fara raba sababbin kwandunan shara masu kulle, amma duk da haka aka sami 'yan ƙalilan da suka gano yadda za su kayar da kwandon su buɗe. Na riƙa kulle namu a gareji, na daina barin kwano a waje, na kewaye masarar da wayar lantarki layi biyu, ɗaya santimita 15 daga ƙasa, ɗaya 30.

Jarrabawa mafi girma ta zo ne da sanyi ya wuce, lokacin da muka fara jin motsi da 'yar ƙara a cikin rufi, ashe wata rakun ce ta haihu 'ya'ya huɗu. Zuciya ta raya mini in toshe kafar da take shiga nan take, alhali uwar ta fita kiwo; sai na tuna abin da malamanmu suka karantar da mu game da matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ci ba sha, na ajiye guduma. Kama ta a kai daji ma ba mafita ba ce, tunda dokar lardin Ontario ba ta yarda a kai irin wannan dabba nesa da kilomita ɗaya daga inda aka kama ta ba. Muka yi haƙurin makonni, barci rabi da rabi, har 'ya'yan suka yi ƙwari, sa'an nan na sa aka rufe kafar da ragar ƙarfe, aka sare reshen da ke kai su kan rufi.

Daren da suka tashi na gan su a kan katanga, uwar a gaba, huɗun na biye da ita a jere, sun nufi gidan tsohuwar nan.